Ƙullin Gamba a Jikin Madaci

Gindin bindiga ya sake sauka a kafaɗar Ɗangiwa, ya kife a kan turba, bakinsa ya cika da ƙasa. Mannir, shugaban 'yan bangan garin, ya damƙi wuyan rigarsa ya ɗago shi kamar buhun dusa.

"Tashi, tsoho. Ka ce magani kaka nema cikin dajin ga. To, nuna muna."

Kwana huɗu ke nan da ɓarayin daji suka ratso ta ɗan gandun dajin da ke bayan gari, kan hanyar Kebbe, suka kore shanu, suka harbe ƙanen Mannir a bakin garke. Da 'yan banga suka bi sawu, sai suka ga ciyawar gamba a ƙuƙƙulle jikin itatuwa. Shi ke nan, aka ce alama ake yi wa ɓarayi. Wa ke shiga gandun kullum? Ɗangiwa mai magani. Mutumin da ya shekara arba'in yana ba garin nan jiƙo, yau shi ake ja da igiya a ƙugu. Abin da takaici, wallahi.

"Ɗana, haka munka gada," in ji Ɗangiwa, yana nishi. "In na sassaƙi icce, gefen gabas kaɗai nika ɗiba, faɗin tafi. In shafe wurin da laka, in ƙulla gamba, don kada wani ya ƙara taɓa shi sai damina biyu ta wuce."

"Na ji. Duk iccen da ad da ƙulli, in ga sassaƙa. In na iske guda babu, ba ka fita dajin ga da rai."

Suka nausa ciki, su shida. Turbar siririya ce, sabara da kalgo sun rufe ta har ƙugu. A gindin wani marke suka fara tsayawa. Mannir ya kankare busasshiyar laka da wuƙa, ga tabon nan a gabas, faɗin tafi. Suka wuce ga hano, ƙamshin ƙaronsa na tashi, nan ma haka. Taura, haka. Ƙirya, haka.

Tambaya, ɗan bangan da ke riƙe da igiyar, ya fara sassautawa. Amma Mannir, duk tabon da ya gani sai zuciyarsa ta ƙara tafasa, don shi ba gaskiya ya fito nema ba, wanda zai biya jinin ƙanensa yake nema. A itace na bakwai ya make tsohon a baki har haƙori ya fita. A na tara ya taka masa yatsu da takalmi. Ɗangiwa bai yi kuka ba, sai dai ya nuna gaba da haɓa.

Rana ta take tsaka sa'ad da suka iso wani babban madaci, inda turbar ta rabu biyu. Akwai ƙulli a reshensa na ƙasa. Ɗangiwa ya ɗaga kumburarren idonsa, ya dubi ƙullin. Shekara uku rabon da ya taɓa wannan itace.

Ya san ƙullin kuwa. Ninki biyu ne da jela a lanƙwashe, irin nasa, kuma mutum ɗaya tak ya taɓa koya wa: ɗansa Aminullahi, wanda ya ce wa kowa yana Sakkwato yana kabu-kabu da babur. Gambar ba ta wuce kwana biyar da tsinkewa ba. Jelar tana nuna turbar hagu, wadda ke ɓullewa bayan garke.

Mannir ya zagaya madacin sau biyu yana shafa ɓawonsa. Lafiya lau yake, ko ƙwarzane babu. Ya ɗana bindiga.

"Wanga fa?"

Tambaya ya matso kusa da tsohon. "Baba, in ba naka na ba ka faɗi. Kai ka san hannun kowa cikin garin ga. Faɗi suna kawai, mu kai ka gida."

Ɗangiwa ya tofar da jini. Ya daɗe yana kallon ƙullin. An ɗaure shi da kyau, daidai yadda ya koyar.

"Nawa na," ya ce.

Tambaya ya saki igiyar, ya juya baya.