Tambulan a Raga

Shekara arba'in da ɗaya Wendelin Rupp yana ɗora rufin katako a ƙauyukan Bavariya, tambulan bai taɓa ba shi kunya ba. Ranar da aka kafa gungumen ƙarshe, kafinta ke hawa can ƙoli, ya sa wa gida albarka, ya kurɓi giya sau uku, ya wurgo tambulan ƙasa. In ya fashe, gida ya yi goshi. In bai fashe ba, mai hankali ba ya kwana a ciki.

Wannan karon gidan yayarsa ne, Ottilie, tsohuwa mai shekara saba'in da takwas, wadda ta riga ta sayar da tsohon gidanta. Tun da safe ta gaya masa, "In bai fashe ba, ƙafata ba za ta taka ciki ba."

To, akwai wani Kehl, jami'in kiyaye haɗari, mai fuska kamar an aiko masa da rasuwa. Shi ya sa aka kewaye matakalar ƙarfen da magina ke takawa da raga ninki biyu, daga sama har kusa da ƙasa. Ya ƙaƙaba wa kowa hular kwano, har limamin coci. Ya ɗaure Wendelin da igiya a ƙugu, ya zubar da giyar, ya zuba masa ruwan tuffa.

Wendelin ya haɗiye wannan duka. Ya hau, ya yi addu'a, ya kurɓa yana yatsine, ya wurga.

Tambulan ya faɗa raga, ya yi tsalle sau biyu, ya kwanta lafiya lau a saman kawunan jama'a.

Ottilie ta cire hularta ta ajiye.

"Yaya, tsaya mana!" in ji Wendelin daga sama. "A miƙo mini wani!"

"Gida ɗaya, tambulan ɗaya. Tsufa ya cinye maka kai ne?"

Ya sauko yana huci, ya tari Kehl. "Kai ɗan nan, ka san ragarka za ta tare shi?"

"Sosai, Baba. Ai shi ya sa na bari ka jefa. Doka ta hana jefo abu daga sama."

"To bari in shiga in ɗauko."

"Sai da takarda. Mai sa hannu kuma sai Litinin."

Ottilie ta riga ta kama hanyar mota, tana dogara sanda. Wendelin ya dubi bayanta, ya dubi tambulan, ya sassauta murya.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu ba. Dokarka ta yarda a bar gilashi yana lilo a kan mutane har Litinin?"

Kehl ya ɗaga kai. Fuskarsa ta sauya. Ya buɗe littafinsa, ya rufe, ya hura usur. "Kowa ya ja baya taku goma!"

Ya samo doguwar sanda, ya sa safar hannu da tabarau, ya shiga zungurar raga a hankali, wai zai gangaro da tambulan cikin bokiti. Tambulan ya gangaro, ya wuce bokitin, ya sauka kan dutse, tas!

Jama'a suka ɓarke da sowa. Ottilie ta juyo, ta zo ta tona ɓaraguzan da sandarta, ta tabbatar.

"Ya fashe," ta ce. "Ko da yake ba da hannunka ba, malalaci."

Kehl kuwa gumi yake yi. Ya ce haɗari ya auku a wurin aiki, dole a rufe gidan kwana uku a yi bincike. Ya ja jan ƙyalle ya tare ƙofa.

Ottilie ta ɗaga ƙyallen da kan sanda, ta sunkuya ta shige.

"Inna, ba hula a kanki!" in ji Kehl.

"Rubuta ka ƙara, ɗana," ta ce daga ciki. "Wendelin, zo ka nuna mini inda murhu zai zauna."