Jira Rana

"Mayar da ita inda ka same ta."

"Baba, don Allah ka bari mu yi abin da ya kawo mu."

"Na ce ka mayar. Wa ya aike ka?"

Muryar tsohon da ƙyar take wuce bakin gado, amma kowa a ɗakin ya ji. Manaja, babban ɗansa, yana tsaye riƙe da kyamarar da ya ciro daga kan ƙafa-ukunta. Ya ɗora babban yatsa a kan ɗan faifan da ke samanta yana murzawa, ƙas, ƙas, ƙas, har ya kai shi kan koriyar alama.

"Ka gani, Baba? Otomatik. Ita za ta yi komai da kanta. Duniya ta wuce zamanin lissafe-lissafen nan naka."

"Kai da koren nan ba ku da maraba," in ji tsohon. "Duk wanda ya fi kusa, shi kuke gani."

Matar Manaja ta yi dariya, ta ga ba wanda ya taya ta, ta mayar da ita tari.

Kafinta yana jingine da ƙyauren ƙofa, hannu a aljihu. Katanga ɗaya ce ta raba ɗakinsa da na Mai Hoto, wannan da ke kwance, kuma ta cikin katangar nan yake jin tarin tsohon tun da ciwon ya kwantar da shi. Kafinta ba mai yawan magana ba ne. Taga kawai yake kallo, domin rana ta fara saukowa ta kan bango, kuma ya san inda za ta.

Babu gida a layin da ba a rataye aikin Mai Hoto ba. Na gama makaranta, na buɗe shago, na katin aiki, na jariri ana riƙe masa kai. Shi kaɗai ne ba shi da hoto. Wanda ke jikin katin shaidarsa ruwa ya cinye shi, sai kunne ɗaya da wuyan riga. Idan aka ɗaga waya za a ɗauke shi sai ya juya wa mutum ƙeya.

Jiya Kafinta ya shigo ya ɗaga masa kan gado da katako don numfashi ya yi masa sauƙi. Yana cikin buga ƙusa Inna, matar tsohon, ta zauna a bakin katifa, ta yi maganar da ta daɗe tana taunawa.

"Ka ɗauki kowa, har akuyar mutane ka ɗauka. Ni me za ka bar mini in riƙa kallo?"

"Da wane idon?"

"Da wanda ya rage."

Ciwon yana ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma sai ta kawo abu dab da hanci. Tsohon ya daɗe yana kallon silin. Daga baya ya ce a ɗauko masa kyamara a ƙarƙashin kaya.

Shi ya nuna inda za a kafa ƙafa-uku, ya sa Kafinta ya zana wa kowace ƙafa da'ira a siminti da fensirin aikinsa. Aka miƙa masa kyamarar a kan ƙirji. Ya murza faifan ya kai shi kan harafin M, inda na'ura ba ta yanke komai sai abin da hannu ya gaya mata.

"Ido ce," ya ce. "Kai za ka ce mata ta buɗe kaɗan ko da yawa, ta ƙifta da sauri ko ta jinkirta. In ka bar mata, sai ta ɗauka duk ɗakin duniya iri ɗaya ne."

Yatsunsa sun kumbura, suna zamewa daga kan maɓallai. Rana ta shigo ta taga, ta sauko bango, ta kwanta a kan matashin kai, yana ta fama. Ya sa Kafinta ya gwada a kan tafin hannunsa, ya duba, ya gyara, ya sake gyarawa. Kafin ya gamsu hasken ya zame daga gadon ya faɗi ƙasa.

"Gobe," ya ce. "Ta zauna daidai. Kada ka taɓa komai. Idan rana ta hau matashin nan, danna kawai. Ka zo mini da wanzami da safe, kada in fito kamar wanda aka tsinto."

Yau da safe an yi askin. Inna ta sa masa farar riga, ta tura bokitin amai can ƙuryar ƙarƙashin gado. Sai ga mota a ƙofar gida. Manaja ya zo daga babban gari da matarsa da 'ya'yansa da abokan aikinsa biyu, ɗauke da kwandon lemo wanda mara lafiyar ba zai iya sha ba. Turarensa ya riga shi shiga ɗakin, ya haɗu da warin magani, ya zama wani abu da ya fi kowannensu tayar da zuciya. Idonsa na sauka kan kyamarar ya ce, "Yauwa, har an shirya mana."

Yanzu ga shi yana jera mutane.

"Ku matso. Ke, dafa kafaɗar Kaka. Ba nan ba, can inda babu allura. Malam kafinta, zo ka danna mana. Ko jariri zai iya."

"Baba ya ce a jira rana."

"Rana ta me? Filashi ne da ita. Kai ka yi ta kanka da zarto."

Ya cusa masa kyamarar a hannu. Kafinta ya duba gilashin bayanta. Wasu ƙananan akwatuna suna tsalle suna kama fuskoki. Ɗaya ya kama Manaja. Ɗaya matarsa, tana gyara ɗankwali. Yaran, abokan aikin. Har jaririn da ke tallar sabulu a jikin kalandar bango ya sami nasa akwatin. A tsakiyarsu tsohon yana kwance, kumatu sun faɗa, ido ya yi zuru-zuru, kuma babu akwatin da ya je kansa. Na'urar ba ta ɗauke shi a matsayin fuska ba.

Kafinta ya ɗago kai.

"Ba ta ganin sa," ya ce.

"Danna mana, mutane na da abin yi. Kowa ya yi murmushi."

Rana tana kan matashin kai a lokacin, amma bayan Manaja ya tare ta kaf. Kafinta ya danna. Filashi ya buɗe da kansa ya watsa wa ɗakin farin haske. Tsohon ya runtse ido ya kawar da kai.

"Ƙara ɗaya. Na rufe ido," in ji matar.

Ya ƙara. Ya ƙara. Ƙaramin yaron ya tura ƙafa ƙarƙashin gado ya taɓa bokitin, warin ya taso, abokan aikin suka tuna suna da uzuri. Manaja ya karɓi kyamarar yana dubawa. Haƙoransa sun fito fes, agogonsa har ana iya karanta lokaci. Inda uban yake, wani farin abu ne ya dushe, kamar an goga yatsa a kan fenti ɗanye.

"Ya yi," ya ce. "Baba ne ya motsa."

Da suka fita, hasken ya riga ya sauka ƙasa. Kafinta ya mayar da ƙafa-ukun cikin da'irorinsa, ya ɗora kyamarar, ya murza faifan baya har M. Lambobin jiya suka dawo a gilashin, ba abin da ya canja.

"Baba, suna nan."

Tsohon bai juyo ba. Fuskarsa na bango.

"Gobe," ya ce.

Washegari da hantsi Inna ta buga wa Kafinta katanga. Ba da hannu ba, da murfin tukunya.

Numfashin tsohon ya sauya. Yana shiga da ƙara, ya tsaya, sai mutum ya cire rai sannan ya fito. Farar rigar ta yi tabo a ƙirji. Ɗakin duhu ne, don tagarsa yamma take kallo, da safe ba ta samun komai sai inuwar gidan da ke bayanta. Manaja ya kwana a masauki, wayarsa tana ta ƙara ba ya ɗauka.

"Ɗauka yanzu, ɗan nan," in ji Inna. "Ɗauka, ko yaya ne."

Kafinta ya danna. Gilashin ya nuno baƙi ƙirin, sai wani ɗan toka-toka inda rigar take. Ya kunna ƙwan ɗakin, babu wuta. Ya buɗe ƙofa har bango, ya yaye labule, ya sake dannawa. Baƙi.

"Ya fito?"

"A'a."

"To ka yi irin na wancan yaron. Na ji ya ce da kanta take yi."

Ya ɗora yatsa a kan faifan. Ƙas uku ne tsakaninsa da kore. Ya san abin da zai biyo baya: filashi zai daki fuskar nan, ya fito da ruwan ɗorawar da ke cikin idon, da busasshen yawu a gefen baki, da tabon rigar. Mummuna ne, amma hoto ne. Babu kowa a gaba yau da zai sace akwatin. Inna za ta sami abin kai wa hanci.

Leɓen tsohon ya motsa. Kafinta ya sunkuya, warin bakin ya buge shi, bai ja baya ba.

"Jira rana."

"Baba, da sauran lokaci."

"Jira."

"Me ya ce?" in ji Inna.

"Ya ce a jira."

"Shi kullum a jira. Kai ma sai ka biye masa?"

Kafinta ya ɗauke yatsansa. Ya jawo kujera ya zauna kusa da ƙafa-ukun, yana kallon saman bango inda hasken ke fara bayyana. Inna ta daina yi masa magana. Tana tsoma tsumma a ruwa tana goga wa mijin leɓe. A waje wani yana ta buga ƙofar shagon Kafinta yana kiran a zo a duba masa kujeru. Bai tashi ba.

Rana ta karkata. Wani siririn haske ya fito can kusa da silin, ya fara rarrafowa. Ya wuce ƙusar da ake rataye riga. Ya taɓa saman kalanda, ya haska jaririn sabulu. Kafinta ya miƙe ya tsaya a bayan kyamarar.

Numfashin ya shiga, ya tsaya. Suka jira ya fito.

Hasken yana tsakiyar kalanda.

Inna ta ajiye tsumman, ta shafa fuskar da tafin hannu, ta ja zane ta rufe ta. Ba ta yi kuka ba. Ba ta kuma kalli inda Kafinta yake ba.

Bayan an kai shi, gidan ya cika da masu gaisuwa. Manaja yana tsakar gida yana zagayawa da wayarsa, yana nuna wa kowa. Ya yanko farin dushin nan daga hoton jiya, ya ba wata manhaja ta gyara, ita kuma ta ƙirƙiro fuska. Wani dattijo ne mai cikar kumatu, fata sumul, yana murmushi.

"Inna, ga shi. Kin ce kina so, ga shi na yi miki. Har babba za a wanko a sa a firam."

Ta kai wayar dab da hancinta, ta daɗe.

"Bawan Allahn nan yana cin abinci," ta ce. "Waye?"

"Baba ne mana."

"Ubanka bai taɓa mallakar haƙora haka ba. Ina tabon girarsa?"

"Ai an gyara ne."

Ta miƙa masa wayar. Mutanen da ke kusa suka ce kai, ya yi kama sosai, kamar ya yi magana. Kafinta ya fita bayan gida ya tofar da yawu, ya sake tofarwa, ɗacin da ke bakinsa bai tafi ba. Ba Manaja kaɗai yake ƙyama ba. Yatsansa ma da ya ɗauke daga kan faifan yana jin sa kamar ba nasa ba.

Kashegari da yamma aka aiko ya zo ya cire katakon da ya ɗaga gadon da shi. Manaja zai koma, ya ce a naɗe masa kyamarar, yara za su yi wasa da ita.

Ɗakin babu kowa. An wanke bokitin an kife. Inna ta hana a taɓa shimfiɗar, matashin kai yana nan yadda aka bar shi. Kafinta ya ajiye guduma a ƙasa. Ƙafa-ukun na cikin da'irorinsa. Hasken ya wuce kalanda, ya sauko, ya hau kan gadon, ya kwanta a kan matashin.

Ya danna.

Babu filashi. Ƙara ɗaya, a hankali, kamar an rufe ƙaramin akwati.

Ya duba gilashin. Bai taɓa ganin abu ya fito haka ba. Kowane zare na rigar matashin ana iya bin sa da ido. Ga ramin da kan ya bari, rabi haske rabi inuwa mai laushi. Ga wani guntun farin gashi da wanzami ya bari a gefe, yana ƙyalli. Tsohon bai kuskure ko kaɗan ba.

Takalmi ya ja a bakin ƙofa. Inna ce, ta dafa ƙyaure, ta karkato da kai ta gefen idon da ya rage.

"Na ji ƙararta," ta ce. "Wa ka ɗauka?"