Dalilin da Ya Sa Gerrit Ya Ƙi Kashe Firji

Marigayi Wiebe Postma ne ya fara yin haka a ƙauyenmu, cikin watan Nuwamba na 1979. Da ya kawo motarsa mai ɗakin kwana ajiyar hunturu a tsohon gidan gilashin da a da ake noman tumatir, sai ya kashe firjinta, ya wanke shi da ruwan ɗumi, ya saƙala cokalin katako a ƙofar domin iska ta riƙa shiga. Tun daga nan haka muke yi, mu goma sha ɗaya masu ajiya a wurin. Ni Douwe nake bin motocin ina dubawa, shekara ashirin da biyu ke nan, kuma funfuna ba ta taɓa kama firjin da na duba ba.

Bana sai maƙwabcina Gerrit ya tare ƙofar motarsa, ya ce nasa a kunne zai zauna har bazara.

Na ce, "Maƙwabci, a 1994 abokin ajiyarmu Harm ya gwada haka. Wuta ta ɗauke kwana uku ba wanda ya sani. Da aka buɗe a watan Maris, sai da muka fitar da motar waje ta yi mako tana shan iska."

"Firjin Harm ai sa'an kakata ne. Nawa in ya huta, lalaci yake koya."

"Kamar mai shi ke nan."

Aka yi dariya, amma bai gusa ba. Sai ya jawo hannun rigata, ya rage murya. "Douwe, rufa min asiri. Cuku ne a ciki, curi guda, na sayo a Faransa. Likita ya hana ni gishiri saboda hawan jini, matata Froukje kuwa ta kwashe komai daga gida. In ta gani, shara zai tafi."

Na tausaya masa, sai dai al'ada ba ta san tausayi ba. Ina cikin tunanin abin da zan ce, matarsa Froukje ta shigo da butar kofi da burodi, kamar yadda ake yi ranar ajiya.

Ta ce mini, "Dattijo, bar wahalar da kanka. Cukun yana ƙasa, bayan kwalbar madara, an naɗe shi da tsohuwar rigarsa."

Gerrit ya saki baki. "Tun yaushe kika sani?"

"Tun daga kan iyakar Beljiyam. Mutumin da bai taɓa wanke ko kofi ba, kullum yana zuwa 'duba tayar mota' ya dawo yana tsotsar yatsa! Maigida, motar ma warinsa take yi."

"To, a sharar za ki zuba?"

"Cuku mai kyau haka? Ban haukace ba. Kawo wuƙa, Douwe."

Ni na yanka, domin ni ne babba. Rabi muka ci nan take a kan tebur. Sauran rabin Froukje ta saka a jakarta, ta yanke hukunci cewa Gerrit zai samu yanki ɗaya siriri kowace Lahadi, da hannunta. Ya nemi biyu, ta ce ya tambayi likita.

Ga abin da ranar ta bari: firji goma sha ɗaya a kashe, a wanke, mutum goma sha huɗu sun ƙoshi, rabin curi ya tsira daga shara, Gerrit kuma yana da Lahadi goma sha tara a gabansa, in Froukje ba ta ƙara rage kaurin yankan ba.