Babu Gwaggo a Jerin

A kamfanin sabulun, Uwar Fayil ake ce mata, domin ita ke riƙe da takardun ma'aikata, kuma ba ta sa hannu a kan abin da littafin ƙa'idoji bai faɗa ba. Har tsokanarta ake yi, wai a wajenta ko atishawa za ka yi sai ka cike fom.

Wata Litinin da safe mai walda ya shigo ofishinta, tabaran aiki rataye a wuya. Bai zauna ba.

"Yaya, gwaggona ce ta rasu. Hutun rasuwa nake nema."

Ta yi masa ta'aziyya, ta buɗe littafin duk da ta san abin da ke ciki: kwana biyar ga wanda ya rasa uba, uwa, miji, mata ko ɗa.

"Ƙanena, babu gwaggo a jerin."

"Ina wata bakwai mahaifiyata ta rasu," ya ce a hankali. "Ita ta goya ni. Ban san wata uwa ba."

Biro na hannunta. Da za ta rubuta "uwa" a fom ɗin, babu mai bin diddigi. Sai ta tuna farkon aikinta, kafin a yi littafin: ɗan gaban goshin manaja da aka yi masa rasuwa ya yi mako biyu a gida, mai shara kuwa ɗanta ya rasu, washegari aka aika mata ta dawo aiki. Littafin ne ya kashe wannan. In ta lanƙwasa shi yau don tausayi, gobe wani zai lanƙwasa shi don abota.

Ta cire masa kwana biyar daga hutunsa na shekara. Ya karɓi takardar ya fita, ko sallama babu.

Abin ya tsaya mata a rai. Kafin a tashi aiki ta rubuta wa kwamitin ƙa'idoji, ta nemi a ƙara "ko wanda ya riƙe ma'aikaci". A zaman kwamitin shugaban masu gadi ya yi dariya.

"Hajiya, in aka yi haka kowa zai wayi gari da gwaggo goma."

"Shi ya sa za a rubuta suna tun mutum na da rai," ta ce. "Suna ɗaya, a ajiye a fayil."

Sai da aka yi wata biyu ana kai-kawo kafin manaja ya sa hannu. Ta taka da ƙafarta har rumfar walda ta gaya masa. Ya kashe injin, ya saurare ta.

"To kwanakina fa?"

"Gyaran ba ya komawa baya. Na roƙa, an ƙi."

Ya goge hannu da tsumma.

"Allah ya sa ya amfani wani," ya ce, ya mai da tabaransa.

A makon da aka raba sabon fom, mutum arba'in da ɗaya suka kawo suna, cikin ɗari da sittin: kaka, kawu, yayar uwa, har da maƙwabciya. Shekara sha tara tana riƙe da fayilolinsu ba ta san da wannan ba. Ta zauna ta karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya kafin ta jera su.

Mai walda ya koma gaishe ta in sun haɗu a bakin ƙofa. Amma ya daina ce mata Yaya, sai Hajiya, kamar kowa.