Tagar da Aka Toshe

Malamin ajin mata ne ya sa Goggo ta toshe tagar nan, kuma ya san shi ne, ko zai wuni yana goge tabarau yana kallon ƙasa.

Tagar ba wata babba ba ce. Rami ne a bangon da ya raba kicin ɗin Goggo da na maƙwabciyarta, Nas, ma'aikaciyar asibiti mai ritaya, wadda ba addininsu ɗaya ba. Shekara ashirin da shida ta nan gishiri ke wucewa, da ashana, da gulma, da maganin hawan jinin Goggo. In ɗaya na neman ɗaya, sai ta buga bango da ludayi sau uku.

Goggo ba ta taɓa zama a aji ba sai da furfura ta cika mata kai. Ranar nan Malam ya fassara aya, ya ce an hana riƙon waɗanda ba namu ba abokai. Ta ɗaga hannu.

"Malam, har da maƙwabta?"

"Mama, kin ji ayar ta ce ban da maƙwabta?"

Ta koma gida tsoron wuta ya cika mata ciki, ta kira magini. Yana jera bulo, Nas ta leƙo tana dariya.

"Ke tsohuwar banza, ɓerayena ne suka dame ki?"

Goggo ta juya baya.

Wata bakwai ko gaisuwa babu. Wata safiya tana wanke-wanke ta ji ludayi a bango, sau uku. Can ta sake ji, a hankali. Ta ce a ranta gishiri ne, ta ƙara muryar rediyo. Da yamma aka ɓalle ƙofar Nas, aka same ta kwance a kicin, rai ya yi halinsa, ludayin na hannunta.

Bayan sati 'yar Nas ta shigo da leda, ta durƙusa ta ajiye.

"Goggo, maganinki ne. Duk wata sai Mama ta karɓo, ta ce in fushin ya huce za ki nema."

Kwali bakwai. Goggo ta kasa ɗaga ido. Sai da baƙuwar ta fita ta gaya wa autarta komai, har da rediyon.

Auta ta riƙe baki. "Inna, ai malaminmu cewa ya yi masu yaƙar mu ake nufi. Ga wata ayar ma, Allah bai hana a kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba."

Goggo ta ja mayafi, takalmi wari-wari, sai shagon da Malam ke sayar da littattafai. Ta zazzage kwalayen a kan teburinsa gaban mutane.

"Mama, a yi haƙuri. Dama akwai saɓani tsakanin malamai."

"Saɓani? Ranar da na tambaye ka, saɓanin tafiya ya yi? Ni ko baƙi ban sani ba, abin da ka zuba min a kunne shi na ɗauka. Rediyon ni na murɗa, wannan nawa ne, da shi nake kwana da shi nake tashi. Amma bulon naka ne. 'Yar Nas ta zo har gida tana ce min Goggo, na kasa kallon fuskarta. Tashi ka rufe shagon, mu je ka gaya mata da bakinka abin da ya sa uwarta ta buga bango ba a amsa ba."