Mai Tawul a Ƙarshen Benci

Rigar ta ƙi rufuwa. Purvis Gaither ya shanye tumbi iya ƙarfinsa, ya ja maɓallin tsakiya har bakin raminsa, maɓallin ya leƙa ya koma. A madubi ya ga wani dattijo mai sanƙo sanye da rigar yaro. A ƙirjinta an ɗinka sunan Kwalejin Tallow Creek da shekarar 1986, shekarar da suka ci kofin ƙwallon kwando na yankin. Shi ma yana cikin waɗanda suka ci, kamar yadda direban motar ƙungiyar yake ciki. Shekara huɗu ya yi a ƙarshen benci yana kaɗa farin tawul, ƙwallayen da ya jefa a kwando kuwa duk tsawon zamanin ba su cika yatsun hannu biyu ba. Har gobe in aka ambaci Purvis a garin sai wani ya ce, "Wanne? Mai gyaran firji ko mai tawul?" Duk shi ne.

Ya bar rigar a buɗe, ya ɗauki jakar askinsa, ya nufi gidan Odell Ransom.

Odell ne ya ciyo kofin, kowa ya sani. Da kaka yana filin zari-ruga yana kutsa kai cikin ƙattai, sanyi na shigowa ya ajiye hular kwano ya koma ƙwallon kwando, yana tashi sama kamar ƙasa ba ta da iko da shi. Guguwa ake ce masa. Hanya ɗaya suka taso da Purvis a tsakanin gonakin auduga, ɗaki ɗaya suka kwana a kwaleji. A wancan zamanin, in aka make ka har ka ga taurari da rana, koci zai ɗaga yatsu ya tambaye ka nawa ne. In ka kusa faɗin daidai, ka koma fili. Odell kullum yana kusa da daidai. Likitocin birnin Jackson sun gaya wa matarsa Earline cewa karon nan ne ya dawo yana cin ƙwaƙwalwarsa a hankali.

Yanzu ba ya yarda kowa ya kusanto wuyansa da reza sai mutum ɗaya. Duk Asabar Purvis ke zuwa ya yi masa gyaran fuska, shi kuma Odell yana kiransa wanzami. An fi shekara biyu rabon da sunan Purvis ya fito daga bakinsa.

Earline ta tare shi a baranda, ta dube shi sama da ƙasa.

"Purvis, rigar wane yaro ka kwaso?"

"Wanki ne ya tsuke ta, 'yar'uwa."

"Wanki ko soyayyiyar tarwaɗa?" Ba ta yi dariya ba. Ta waiwayi ƙofa, ta rage murya. "Ni fa har yanzu raina bai kwanta da tafiyar nan ba. Mutanen kwaleji su karrama shi, su rataye rigarsa a rufin zauren wasansu, na gode musu. Amma me ya sa sai sun gan shi? A bar mutane da Guguwar da suka sani."

"Ranarsa ce, Earline. In ya shaƙi warin zauren nan, ya ji 'yan badujala, wa ya sani? Wataƙila wani abu ya buɗe."

"Wani abu kamar sunanka."

Purvis ya duƙa yana neman abin da bai ɓata ba a cikin jaka.

"Ban ga laifinka ba," in ji ta. "Ni jiya Mama ya kira ni, na amsa. Za mu je. Amma in ya tsorata ko kaɗan, mu fito, ko gwamna ne ke magana."

Odell na zaune a kujerar kicin, dogayen ƙafafunsa sun kai har gindin murhu. Ya ga jaka, fuskarsa ta washe.

"Wanzami, ka makara."

"Kullum haka kake faɗa, ranka ya daɗe."

"Kullum kana makara."

Purvis ya shafa masa kumfa, ya ɗaga haɓarsa da yatsa biyu. A ƙasan haɓar akwai tabo mai kamar ƙugiya. Purvis yana wurin ranar da aka yi shi, shi ya danne jinin da tawul har aka zo da mai ɗinki. Ya zagaye tabon da reza a hankali.

"Kana da hannu," in ji Odell. "Ka taɓa yin ƙwallo?"

"Kaɗan."

"Ba ka yi kama da wanda ya yi ba."

"Haka koci ma ya ce."

Da suka isa kwalejin da azahar, filin ajiye motoci ya cika da hayaƙin gasasshen haƙarƙarin alade da tsofaffin ɗalibai. Ranar dawowar tsofaffin ɗalibai ce ta shekara-shekara, kowa ya zo da kujerarsa da tarihinsa. A ƙarƙashin wata rumfa, tsofaffi suna musun da suka saba duk shekara. Wani ya rantse ba a taɓa yin kamar Roscoe Dill ba, wanda ya rataya a kwando har allon gilashi ya tarwatse a kansa ya fito yana taunar cingam. Wani ya ce ai Roscoe ƙarfi ne kawai, shi dai gwaninsa Slim Hairston ne, mai miƙa ƙwallo ta baya yana kallon 'yan mata. Roscoe yana maƙabartar cocin Mount Pisgah tun bara waccan. Slim kuwa ciwon suga ya tafi da ƙafarsa ɗaya, ga shi can a keken guragu yana sauraron yabonsa, yana gyara musu inda suka rage.

Slim ne ya fara hango su. "Ku tashi, Guguwa ta iso. A'a, har da mai tawul. Purvis, ina tawul ɗin? Ko ka cinye shi ne ya tsaya a ciki?"

"Ni dai da ƙafafuna biyu na zo, Slim."

"Kuma har yau ba su kai ka ko'ina ba."

Aka kwashe da dariya. Suka kewaye Odell suna kama hannunsa, kowa na gaya masa nasa sunan da ƙarfi, kamar kurumta ce ciwon. Odell ya yi ta gyaɗa kai cikin ladabi yana cewa, "Madalla, madalla." Sai ya laluba baya ya kama hannun rigar Purvis.

"Wanzami, su wa ye waɗannan tsofaffin?"

"Masoyanka ne."

"Sun ji jiki."

A cikin zauren, warin bai canja ba: man goge katako, gugguru, da zufa. Purvis ya yi ta satar kallon fuskar Odell. 'Yan badujala suka buga taken makaranta, ganguna suka girgiza benci. Odell ya toshe kunne ɗaya. Earline ta dubi Purvis ta saman tabarau, shi kuma ya dubi rufi.

Da aka tafi hutun rabin lokaci, aka shimfiɗa jan kafet, aka jera kujeru uku a tsakiyar fili, aka zaunar da Odell tsakanin Earline da Purvis. Shugaban kwalejin ya yi jawabi mai tsawo, ya kira Odell ɗan da makaranta ba za ta manta ba. Igiya ta ja riga mai lamba goma sha huɗu zuwa rufi, inda ba wanda zai sake sa ta. Jama'a suka miƙe. Odell ma ya miƙe yana tafi, yana waige-waige ya ga wanda ake yi wa.

Sannan aka rage fitilu, babban allo ya kawo tsohon hoton wasan ƙarshe, mai dishi-dishi, launinsa ya koɗe. Ga wani siririn yaro cikin guntun wando ya ratsa mutum uku, ya tashi, ya daɗe a sama fiye da yadda ya kamata. Zauren ya ɗauki ihu kamar yanzu abin ke faruwa.

Odell ya zauna, ya karkato.

"Yaron nan ya iya," in ji shi. "Amma ba ya ba kowa. Ɗan wa ye?"

"Ɗan Miss Ola ne, ta hanyar Sandy Ridge."

"Ban san su ba."

Purvis ya gyaɗa kai. To, shi ke nan. Ya sa mace ta yi wa mijinta wanka ta sa masa kwat, ya jawo shi gaban mutum dubu biyu, don kawai a kira shi da sunan da ke rubuce ɓaro-ɓaro a jikin motarsa ta aiki. Ya fara lissafin ƙofar da ta fi kusa.

A allon, ƙwallon ƙarshe ta shiga. Mai ɗaukar hoton, ko wane ne shi, ya juya na'urarsa ya bi benci. Can a ƙarshe ga wani yaro mai tulin gashi da manyan kunnuwa ya hau kan kujera yana juya farin tawul a sama, ƙafarsa ta zame, ya faɗo a kan tulun ruwa, ya tashi jiƙe sharkaf bai fasa kaɗawa ba. Zauren ya fashe da dariya.

Odell ya damƙi gwiwar Purvis da ƙarfin da ya sa shi cije leɓe.

"Purvis," in ji shi. Yana nuna allon. "Ga Purvis can. Wanzami, duba, abokina ne. Purvis Gaither." Yana dariya har da hawaye. "Bai iya komai ba. Wallahi ko a rijiya ka ce ya jefa sai ya kuskure. Amma in na waiwaya ban ga tawul ɗin nan ba, hannuna ba ya daidaita. Ban taɓa gaya masa ba, kansa zai kumbura."

Earline ta sa hannu ta rufe bakinta.

Purvis ya buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshensa, gajeriya ce, kalma biyu: ni ne. Amma Odell ba shi yake kallo ba, yaron yake kallo, kuma fuskarsa ta koma irin ta da. Aka kunna fitilu, allon ya koma tallan wani shagon taya. Odell ya ci gaba da duban wurin, dariyar tana janyewa kaɗan-kaɗan.

"Ina ya shiga ne?" ya ce. "Ya daina zuwa. Ko na yi masa wani abu?"

"Ba ka yi masa komai ba."

"Ka san shi?"

"Nakan gan shi."

"Yana lafiya?"

"Ya yi ƙiba," in ji Purvis. "Gashin ma ya tafi."

Odell ya girgiza kai cikin tausayi. "Ka ce masa ya leƙo ni. Ko sau ɗaya."

"Zan gaya masa."

'Yan wasa suka fara fitowa daga ɗakin canja kaya, ma'aikata na naɗe kafet ta ɗaya gefen. Earline ta kama hannun mijinta na dama, Purvis ya kama na hagu, suka tashe shi. A bakin fili wani ya bar tawul a kan kujerar ƙarshe. Purvis ya ɗauka ya goge wa Odell hawayen da ya gangaro har kan tabon haɓarsa, ya ninke shi, ya mayar inda ya same shi.

"Wanzami, Asabar kar ka makara."

"Ba zan makara ba, ranka ya daɗe."