Ramuka Huɗu a Farantin Famfo

Shekara talatin da ɗoriya Munkaila ya yi yana gyaran rediyo a wata rumfar kwano da ke bakin kasuwar Dogon Dutsi. Da rediyo ta ja baya ya koma talabijin, da salula ta zo ya koyi buɗe ta shi kaɗai, ba wanda ya zaunar da shi. Amma tun bayan kaka hannunsa na dama ya soma rawa. Ba sosai ba. In yana riƙe da kofin shayi ba mai lura, sai ya kai ƙarfen dalma kusa da wani ƙanƙanen abu sannan rawar ke tashi. Bai gaya wa kowa ba. Aiki mai ƙananan ƙafafun ƙarfe in ya zo, sai ya mayar, ya ce ba shi da kayansa.

Wata Talata da hantsi Idi, shugaban kwamitin ruwa na wani ƙauye a yankin Ɗan Kassari, ya sauka daga babur da ƙaramin akwatin roba ƙunshe a zani. Ya ce famfonsu mai aiki da hasken rana ya kwana tara bai ba da ruwa ba. Waɗanda suka sa shi sun tafi shekara uku ke nan, lambar da suka bari ba ta shiga. Mata sun koma tsohuwar rijiya mai zurfi, inda sai jaki ke jan guga.

Munkaila ya kwance akwatin. Ciki akwai koren farantin lantarki, bai fi tafin hannu ba. Ya sunsuna, babu ƙauri. Ya auna, wuta na shiga inda ya kamata. Ya gane wannan ba irin aikinsa ba ne, ƙaramar kwamfuta ce, ita ke ba injin umarnin tashi da tsayawa. Sai ya kira ɗiyarsa Zubaida, wadda ta karanta ilmin kwamfuta a Yamai take kuma aiki a wani biro, wato ofis, cikin gari.

Ta zo lokacin hutun rana da kwamfutarta a jaka. Ta jima tana juya farantin, sannan ta nuna masa wasu ramuka huɗu a jere a gefe, babu komai cikinsu. Ta ce masu ƙera shi sun bar su ne don mai neman matsala. In aka liƙa ƙafafun ƙarfe huɗu a wurin aka jona waya, na'urar za ta rubuto abin da take yi da abin da ya hana ta. Ƙafafun da wayar tana da su tun tana lakwal, wato makaranta, liƙawar ce ba ta taɓa yi ba.

Idi ya tafi masallaci. Munkaila ya jona ƙarfen dalma, ya jira ya yi zafi, ya goge bakinsa a jiƙaƙƙen soso. Ƙafa ta farko ya dafe wuyan hannunsa a gefen tebur, ta zauna lafiya. A ta biyu hannun ya kuɓuce masa, dalma ta malala ta haɗe rami na biyu da na uku. Ya tsotse ta da zaren tagulla ya sake. Wannan karon bakin ƙarfen ya zame, saura kaɗan ya taɓa wani ɗan baƙin abu mai kamar ƙwayar gero, wanda in ya ƙone babu inda za a samu irinsa kusa. Ya ajiye ƙarfen a mazauninsa, ya sa hannun a cinya.

Zubaida ta gani. Ta ce, “Baba, tun yaushe?”

“Tun da munka gama yankan hatsi.”

Ya yi zaton za ta yi masa faɗan ɓoyewa, ko ta ce a kai farantin Yamai. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce ya nuna mata.

Ya ciro farantin wata matacciyar rediyo ya ajiye gabanta. Da ya buɗe baki zai yi bayani sai ya tarar bai taɓa faɗin waɗannan abubuwa da baki ba, hannunsa ne kawai ya san su. Sai da ya rufe ido ya bi aikin a ransa, sannan ya samu kalmomi. Ya ce ba dalmar ake gasawa ba, ƙafar da bakin ramin ake ɗumamawa tare. Ta ƙirga uku, ta kawo dalmar ta ɗaya gefen, ta bar ta ta shiga da kanta. Ta janye dalmar tukuna, sannan ƙarfen. Na farkon da ta yi ya dunƙule kamar kashin akuya. Na biyar ya yi dama-dama. Wajen na goma sha biyu ya ga ɗigon ya hau ƙafar sumul yana ƙyalli, ya ce ya isa.

Shi ya riƙe farantin famfon da hannun hagu, wanda bai rawa. Ita ta liƙa ukun da suka rage, gumi na ɗigo mata daga ƙarƙashin hijabi. Ya duba su da gilashin ƙara girma ɗaya bayan ɗaya. Duk sun zauna lafiya, ya ji daɗi.

Da ta jona wayar, da fari shirme ne ya fito a fuskar kwamfutar. Ta gyara wani lissafi, sai rubutu ya soma gangarowa, layi ɗaya yana ta maimaita kansa. Idi ya dawo ya tsaya a bakin rumfa. Ta ce masa na'urar lafiyarta lau, cewa take tanki cike yake, shi ya sa ta ƙi ta da injin.

Idi ya ce ai tankin ko ɗigo babu, ƙadangaru ke yawo cikinsa.

Nan Munkaila ya gane. Akwai wata roba mai iyo cikin tanki da ke gaya wa na'urar ruwa ya kai baki. Ko ta maƙale, ko wayarta ta haɗe.

Washegari suka bi Idi ƙauyen su biyu. Wayar da ta bi ƙafar tankin rana ta cinye robarta, sili biyu na cikinta suka manne da juna. Suka yanke wurin suka sa sabuwa, suka mayar da farantin. Kafin azahar injin ya yi gurnani, ruwa ya soma hawa. Munkaila ya zauna a inuwar tankin yana kallon mata na jera jarkoki, har aka kawo musu fura.

A hanyar dawowa Zubaida ta ce ranar Alhamis za su je asibiti, bai musa ba. Likita ya ce rawar ba za ta tafi gaba ɗaya ba, amma magani zai rage ta. Munkaila ya tambaya ko zai iya ci gaba da gyaran talabijin da fanka, aka ce masa ƙwarai. Suka fito, ta wuce biro, shi kuma ya nufi kasuwa ya buɗe rumfa.